Ruwan Ɗumi a Butar Tagulla

Mutum na farko da ya yi mana murmushi a Bulgeriya shi ne ya sace mana kilishi. Mun sauka a filin jirgin Sofiya mu biyu, ni da Malam Buba, sanyi yana shiga mana har cikin haƙori, sai ga wani dogo da hula mai gashi yana ɗaga mana hannu kamar ya san iyayenmu. Da guntun Turancinsa ya ce shi aka aiko ya tarbe mu, amma kayan abinci sai an kai ofis an duba. Muka miƙa masa jakar da ke ɗauke da kilishi da kuka da daddawa da yajin da mahaifiyata ta wuni tana dakawa a Dangora. Ya shige wata ƙofa. Har yau bai fito ba.

Wanda aka aiko da gaske, Mitko, bai iso ba sai da ƙafafunmu suka sage. Shi ne tafintanmu, shi ne mai kula da mu, kuma a ganina shi ne kunnen hukuma a kanmu. Da muka ba shi labari ko mamaki bai yi ba, ya ɗaga kafaɗa kawai. Tun a wurin na ce a raina bakinsu ɗaya da mai hular. Ban taɓa samun hujja ba, ban kuma taɓa janye zargin ba. Ni dama haka Allah ya yi ni, ko a gida aka cika mini ƙwarya da fura sai na juya ludayi na duba ƙasa. Bulgeriya ta same ni da halin, ta zuba masa taki.

Gwamnatin jiharmu ce ta turo mu, wajen ƙarshen shekarun tamanin, mu koyo yadda ake yin ƙananan kayan da ke cikin rediyo da talabijin, wai in mun dawo za a kafa masana'anta. Ni ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar sana'a, shi kuma Malam Buba yana koyar da kimiyya a Doguwa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce masa in muna mu biyu, Malam kuma in da mutane. Bafillace ne daga wata ruga a bayan duwatsun Doguwa, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, fulako ya yi masa yawa har ba ya iya cin abinci in ana kallonsa. Shi kaɗai ya yi boko a gidansu, kuma 'yan'uwansa ba su daina yi masa gorin ya bar shanu ya bi alli ba. Kayansa duka ba su cika akwati ba. Abin da ya fi ji da shi wata tsohuwar buta ce ta tagulla, mai lanƙwasasshen baki, wadda mahaifinsa ya ba shi. A hannu ya riƙo ta tun daga Kano, shi ya sa mai hula bai same ta ba.

Ranar da muka isa masauki Mitko ya faɗa mana sharaɗi: duk wanda ya yi laifi za a mayar da shi gida ba takardar shaida, a kuma sanar da gwamnatinsa. Mun gane abin da wannan yake nufi. Aikin da ka baro ba za ka koma masa ba, kuma a gari za a riƙa nuna ka ana cewa ga wanda ya je ƙasar Turawa ya dawo da kwat kawai.

Zangonmu na farko makarantar koyon harshe ce a Sofiya. A nan na gane mutanen in sun yarda girgiza kai suke yi, in sun ƙi sai su gyaɗa. Na ce wa Malam Buba mutanen da kansu ma yake faɗin akasin abin da ke ransu, ina za a kama su? Ya yi dariya ya ce su ma haka suke ganinmu. Nama ban ci ba, don duk tukunyar da na leƙa alade nake gani a ciki. Burodi da tumatir da nono mai tsami suka riƙe ni. Nonon nan kuwa, ranar da Malam Buba ya fara ɗanɗana shi sai ya ajiye cokali ya juya fuska wajen taga. Ya ce kindirmon innarsa ne sak. Ni ma kewar gida ta ci ni ƙwarai a watannin nan, har nakan tsaya a bakin titi in ji kamar ƙanshin gyaɗar da ake soyawa a kasuwar Kafin Maiyaki, alhali hayaƙin mota ne.

Daga Sofiya aka sa mu a jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, inda cibiyar koyon aikin take. A cikin tarago wani tsoho ya ciro tuffa daga jakarsa ya miƙa mana. Na karɓa na yi godiya na riƙe tawa a hannu, ina jiran Malam Buba ya cinye tasa in ga abin da zai faru da shi. Ya lura sarai. Da tsohon ya sauka, Malam Buba ya ce, "Inuwa, ka ci, na riga na mutu a madadinka."

A cibiyar ne muka haɗu da silikon. Daga yashi ake tace shi, a narkar, a jawo shi sannu a hankali ya daskare ya zama sanda mai kaurin taɓarya, launin toka mai duhu. Shugaban sashenmu, Injiniya Kolef, mutum ne marar fara'a amma ya san aikinsa. Shi ya bayyana mana cewa darajar sandar tana cikin ƙwayoyinta ne, waɗanda ido ba ya gani. A jere suke sahu-sahu daga wannan kai har wancan, ba wanda ya kauce. In sahu ya karye a wuri ɗaya, wutar da za ta bi ta nan sai ta ɓata hanya, taransistan da aka gina a wurin ya mutu tun ba a sa shi a rediyo ba.

Ana yanka sandar da siririn zarto ta fito faya-fayai, kowanne kamar murfin gwangwani. Zarton kuwa yana barin rauni, ƙananan tsage-tsage da suka nutse cikin fuskar faifan. Aikin sashenmu shi ne cire raunin nan. A fara gurzawa da gari mai kaushi, a tsoma a asid ya cinye abin da gurzar ta bari, sannan a zo kan guga ta ƙarshe. A manna faya-fayan a jikin faranti, a kifa su a kan teburi mai juyawa da aka lulluɓe da ƙyalle mai laushi, ana ɗiga musu wani farin ruwa mai ɗan kauri wanda ni da Malam Buba muka sa wa suna kunu. In an gama, faifai ya koma madubi, har ƙurajen fuskarka kana gani.

Abin da Kolef ya fi nanatawa shi ne ƙyalli ba shaida ba ne. In ka ƙara nauyi a kan farantin, ko ka yi gaggawa, sama za ta yi sheƙi amma raunin yana nan binne, wani lokaci ma kai ka ƙara shi. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Mahaifiyata ta yi suna wajen daɓe a Dangora, kuma na sha jin tana faɗa wa mata cewa ɗakin da aka daɓe da gaggawa yana sheƙi kamar kowanne, sai damina ta zo ta tona masa asiri. Daminar faifai ita ce tanderu. A kowane kashi ana zare 'yan kaɗan a gasa su, a wanke da wani asid na daban, a duba a madubin ƙara girma. Duk inda sahu ya karye sai wurin ya fito fili.

Ni aka ba injin guga ta ƙarshe, Malam Buba kuma aka kai shi wajen zarto. Hannuna ya faɗa da wuri, har Kolef ya taɓa ɗaga wani faifai nawa ya nuna wa 'yan ƙasar. Mai haɗa mini kunu wata dattijuwa ce, Radka, gajeriya, kakkaura, wadda ta kusa ritaya. Ba ta magana da mu, kallo dai. Da ruwan wani tanki na roba take haɗa kunun, ruwan da aka tace aka sake tacewa har ba abin da ya rage a cikinsa, kuma kullum da ɗuminsa. Kowace safiya ana zubar da na jiya a cika sabo. An ja mana kunne cewa ruwan nan kayan gwamnati ne mai tsada, ɗiban ko kofi ɗaya sata ce.

A bayan tankin akwai wani ɗan ɗaki na ajiye rigunan aiki. Nan muke salla in kowa ya tafi cin abincin rana, a ɓoye-ɓoye, don a lokacin hukumar ƙasar ba ta son ganin mai salla, ko da ɗan ƙasa ne. Nan Malam Buba yake ajiye butarsa.

Sai hunturu ya shigo. Ginin ba shi da famfon ruwan zafi ko ɗaya, ruwan da ke zuwa kuwa daga kan dutse yake gangarowa. Ni na samo dabara, nakan riƙe alwalata tun daga masauki in ƙi shan ko shayi. Malam Buba bai iya ba. Kullum azahar sai ya sabunta, har bayan hannuwansa suka tsattsage suna jini, safar hannunsa ta aiki tana fitowa da ja. Na ce ya yi taimama, ya ce ga ruwa a gabansa.

A tsakiyar hunturun nan faya-fayaina suka fara lalacewa. Suna fita daga injina tas kamar kullum, amma in sun dawo daga tanderu sai wani hazo ya rufe fuskarsu. Da farko Kolef ya ce yabo ne ya hau mini kai nake gaggawa. Ya rage nauyin farantin, ya tsaya a kaina, ya sauya ƙyalle. Hazon bai tafi ba. Rannan ya kira ni ya sa idona a madubin. Ya ce in gaggawa ce ko ƙwayar yashi, aibin zai fito a layi, a lanƙwashe, yana bin juyin teburi. Abin da na gani ba layi ba ne. Ƙananan ramuka ne birjik ko'ina, kamar an watsa gero a tsakar gida.

Ya ce wannan aikin ƙarfe ne, kuma ya fi zargin jan ƙarfe. Lokacin guga fuskar faifai a buɗe take kamar sabon ciwo, in akwai jan ƙarfe a kunun, ko da wanda ba ya aunuwa a sikeli, sai ya shige ciki ya kwanta. Ido ba zai gani ba. Sai an shiga tanderu ya tattaru wuri-wuri ya farfasa sahu. Ya ce injina ba shi da jan ƙarfe ko na ƙwayar zarra, ya kuma ɗebi ruwan tanki da safe ya aika an auna, an same shi lafiya lau. Saura abu ɗaya, wani ne yake zubawa.

Washegari Mitko ya zo da wata kalma da ba a koya mana a makarantar harshe ba. Ya fassara mini ita: zagon ƙasa. Ya ce an lura faya-fayan safe lafiya suke, na bayan cin abinci ne suke lalacewa, kuma kowa ya san su wane ne ba sa zuwa cin abinci. Inji nawa ne, don haka ni kwamiti zai kira. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na tuna mahaifina, wanda ya gama zagaye Dangora yana faɗa wa mutane ɗansa ya tafi koyon ƙera rediyo.

Na shiga lissafa maƙiyana, kuma ban rasa ba. Radka ce ta farko, ita ke haɗa kunu, kuma na taɓa kama ta tana leƙa ɗakin sallarmu. Sai Mitko, wanda dama tun filin jirgi nake riƙe da shi. Har Kolef na saka, na ce wataƙila yana da ɗan'uwan da yake so ya ba injin. Na daina amsa gaisuwar kowa da kyau. Ina aiki ido ɗaya a kan teburi, ɗaya a bayana.

Ana cikin haka mura mai zafi ta kwantar da Malam Buba, ya yi 'yan kwanaki bai fito ba. A kwanakin nan duk faifan da na goge, na safe da na yamma, ya fito daga tanderu garau. Ya warke ya dawo, hazo ya dawo tare da shi.

Ban faɗa wa kowa ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Na tuna ranar da Kolef ya ɗaga faifaina, Malam Buba yana tsaye bai ce komai ba. Na tuna ni ƙarami aka ba inji mai daraja, shi babba aka bar shi da zarto. Duk shirunsa da na ɗauka kunya ce sai na fara karanta shi daban. Mutumin nan shi yake ja mini salla, ɗaki ɗaya muke kwana, shi kaɗai nake yin Hausa da shi a duk faɗin ƙasar. Zarginsa ya fi zargin kowa yi mini ciwo, amma na kasa ajiye shi.

Ana gobe kwamiti zai zauna, na ce wa Malam Buba cikina yana ciwo zan koma masauki kafin azahar. Na zaga na shige ɗan ɗakin nan na tsaya a bayan rigunan aiki da ke rataye. Ta tsakaninsu ina hango tanki da butar.

Ba a daɗe ba sai ga Radka. Ta duba hagu ta duba dama, ta ɗauki butar, ta juye ruwan sanyin da ke ciki a kwata. Zuciyata ta ce ga ta nan, an kama ta. Sai ta kai bakin butar ƙarƙashin famfon tanki ta cika ta da ruwan ɗumi, ta goge jikinta da gefen rigarta, ta ɗora ta a kan bututun ɗumama ɗaki don kada ta huce. Ta ɗan gyara mata zama yadda hannun zai fuskanci ƙofa. Ta fita da sauri kamar ɓarauniya. Ba ta zuba komai a tankin ba.

Na ci gaba da tsayuwa har ƙafata ta yi tsami, har aka buga ƙararrawar cin abinci gini ya yi tsit. Malam Buba ya shigo. Ya taɓa jikin butar da bayan hannu, ya yi tsaki a hankali, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Shi ma ya duba hagu da dama. Ya yi bismilla, ya ɗaga murfin tanki, ya juye ruwan butar duka a ciki. Sannan ya nufi famfon sanyi.

Tagulla jan ƙarfe ne mafi yawan jikinta. Kolef kuwa ya taɓa faɗa mana cewa ruwan da aka tace har haka mayunwaci ne, duk ƙarfen da ya zauna a ciki sai ya lasa. Ga shi da ɗumi, ga shi ya daɗe a kan bututu. Na fito daga bayan riguna.

Bai firgita ba, kunya dai ta kama shi. Na tambaye shi tun yaushe yake yin haka, ya ce tun da sanyi ya tsananta. Kullum yana tarar da butar cike da ruwan da ba shi ya zuba ba. Ya ɗanɗana sau ɗaya ya gane na tanki ne, don ba shi da ɗanɗanon komai, shi kuma ya tashi yana bambance ruwan rafi da na rijiya da harshe. Ya ce ruwan da bai san hannun da ya zuba ba, ba zai kai shi fuskarsa ba. Kuma ya tabbata tarko ne, ana so a kama shi yana alwala da kayan gwamnati a ce ɓarawo ne. Na ce to me ya hana shi zubarwa a kwata? Ya dube ni kamar ba a ƙasar Hausa aka haife ni ba. Ya ce wa yake kwarara ruwan zafi a kwata, bai san wa ke kwance a wurin ba? In ma ya surka ya zubar, ai kayan mutane ya zubar. Shi ya sa yake mayar wa masu abu abinsu. Bai faɗa mini ba ne don ya ga tsoron da nake ciki ya ishe ni.

Na bayyana masa abin da butar take yi wa ruwan, da abin da ruwan yake yi wa faya-fayaina. Malamin kimiyya ne, ban kai ƙarshe ba ya gane. Ya zauna a kan akwatin da ke wurin ya riƙe butar da hannu biyu.

Na ce, "Yaya, ba tarko ba ne. Na ga mai cikawar da idona. Tausayin hannunka ne ya sa, wallahi. Ai ma ka san..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Kada ka faɗa mini suna. Gobe za su tambaye ni, ni kuma ba zan yi ƙarya ba."

Na ce ba sai an kai ga haka ba. Ya daina mayar da ruwan kawai, hazo zai ɓace da kansa, ba wanda zai sani. Ya ce in ya ɓace ranar da aka kira ni, cewa za su yi tsoro ne ya sa na daina, kuma ni za a sa a jirgi. Na ce to shi fa, da wace fuska zai shiga rugarsu? Ya ce fuskar da ya fita da ita. Ya tashi ya yi alwalarsa da ruwan sanyi, muka yi salla, yana gaba ina baya. Ban san abin da na karanta ba.

Da kansa ya kai wa Kolef butar. Kolef ya zuba mata ruwan tanki, ya bari ya jima, ya haɗa kunu da shi ya goge faifai ɗaya ya gasa. Ramukan suka fito fiye da kullum. An ɗaga zaman kwamiti har aka gama wannan gwaji, da aka zauna kuma Kolef ya tsaya ya ce rashin sani ne ba mugunta ba, abin da ban zata daga gare shi ba. Amma an yi asarar faya-fayai masu yawa, kuma mutanen da suka zo daga Sofiya ba za su koma hannu wofi ba.

Ina zaune a gefe lokacin da shugaban kwamitin ya tambayi wa yake cika butar da ruwan tanki. Malam Buba ya amsa da Turanci, a natse, cewa shi yake juyewa, amma bai taɓa ganin mai cikawa ba. A lokacin kunnena ya fara kama harshen ƙasar. Na ji Mitko ya juya ya ce musu, "Ya ce shi yake cikawa da kansa." Aka rubuta, aka wuce. Ba wanda ya ƙara neman wani. Har gobe ban sani ba ko Mitko ya yi haka ne don ya ƙarasa binne Malam Buba, ko kuwa ya san komai ne yake kare tsohuwar da ritayarta. Na dube shi, shi kuma yana kallon takalminsa.

Aka wanke ni, aka ce Malam Buba ya haɗa kayansa. Kolef ya mayar masa da butar a nannaɗe cikin jarida.

Ranar tafiyarsa dusar ƙanƙara ta rufe tashar jirgin ƙasa. Ni da Mitko muka rako shi. Jirgin ya makara kamar yadda ya saba, har azahar ta yi muna tsaye. Malam Buba ya riga ya san na zarge shi, don ba a ɓuya a bayan riguna saboda ciwon ciki, amma bai taɓa tayar da maganar ba, wannan kuma ya fi zagi nauyi a wurina. Saƙo ɗaya ya ba ni, in na dawo in biyo ta Doguwa in nuna masa takardar ya gani.

Sai ga Radka tana tahowa cikin dusar, ta ɗaure kai da gyale, tana rungume da filas. Ranar aiki ce, ban san me ta faɗa aka bar ta ta fito ba. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta miƙa hannu wajen butar da ke rataye a yatsun Malam Buba. Ya dube ta, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya sakar mata.

Ta buɗe filas ta tsiyaya, tururi yana tashi. Tana zubawa tana magana, Mitko kuma yana fassarawa ba tare da an roƙe shi ba. Ta ce wannan daga murhun gidanta yake, ba na gwamnati ba ne. Ta ce ɗanta yana aikin gini a Libiya, yana rubuto mata cewa zafi zai kashe shi. Duk ranar da ta cika butar nan, takan ce wataƙila a can ma wata tana miƙa masa ruwan sanyi. Ta ce ta ji an ce Malam Buba bai taɓa amfani da ruwan ba ko sau ɗaya.

Malam Buba ya karɓi butar da hannu biyu. Da Hausa ya yi mata magana, ya ce, "Ashe ke ce, Inna. Ki yafe mini."

Mutumin da ba ya iya cin burodi in ana kallonsa, sai ga shi ya tsuguna a kan dandamalin tasha, gaban fasinjoji da ɗan sanda da Mitko, ya naɗe hannun kwat ɗinsa. Ya wanke tsattsagaggun hannuwan nan a hankali, ya kurkure baki, ya shaƙa, ya wanke fuska, ruwan yana gangarowa ta gemunsa yana huda dusar ƙanƙara. Jirgi ya shigo yana huci, mutane suka fara hawa, bai ɗaga kai ba. Radka tana tsaye a kansa da filas a buɗe ko zai buƙaci ƙari. Da ya gama wanke ƙafafu ya girgiza butar ya ji da saura, sai ya tsiyaye shi a tafin hannunsa ya shanye.